Hutun Ceton Kunkurun Teku

"Hajiya, in na tafi, wa zai dawo da ni?" yarinyar ta tambayi baƙuwar da ta shigo gidansu neman yaran da za ta tafi da su.

Baƙuwar ta yi dariya. "Ji 'yar nan da wayo! Hutu ne fa, kyauta, sati biyu a tsibiri. Ku tsince robobi a bakin ruwa, ku raka 'ya'yan kunkuru su shiga teku. Maman yarinya, dangwala min yatsa a takardar nan kawai."

Uwar ta ajiye faifan shiƙa. Maigida yana kasuwar Ɗambatta, baƙuwar kuwa ta ƙi jiran dawowarsa, kuma gaggawar nan ce ta tsaya wa uwar a rai. Yaushe mutanen birni suka rasa 'ya'yan da za su ceci kunkuru, sai na ƙauye?

"Mu ga waɗanda suka je," in ji ta.

Aka miƙo mata waya. Ga farin yashi, ga bishiyoyin kwakwa, ga yara suna murmushi. A hoto na uku yatsanta ya tsaya cak. Yarinyar da ke ciki 'yar mai ƙuli-ƙulin garin Bici ce, wadda uwarta ke cigiyarta kasuwa-kasuwa tun kakar bara.

Ta janyo 'yarta bayanta, ta ƙwala wa maƙwabta kira.

Iyaye, duk alherin da ya hana ku shawara, ku riƙe hannun 'ya'yanku gam.