Ajiyar Kaka

"Ka ƙona ta?" Jikarsa ta dafe kai.

Kwamfutarta ta mutu. Bayanan majinyata dubu uku da ta kulle a shafin asibiti ba za su buɗu ba sai da lambobin sirrin da ta rubuta a takarda, ta ba shi ajiya.

Tsohon ya gyara zama. Shi da ya shekara arba'in yana gadi, 'yan fashi suka sare shi sau biyu bai saki ƙofa ba, yarinya za ta koya masa ajiya?

"Takarda abokiyar ɓarawo ce. Na haddace su tsaf."

"Haba Kaka, yaushe ka iya karatu?"

"Ke dai rubuta. Na farko mai kama da ƙugiya, sai ƙwai biyu, sai wani ɗan gurgu."