Mangwaro ko Abarba

"Mangwaro ne, ke Auta! Harshenki ne ya mutu."

"Wane mangwaro, Yaya? Abarba ce ta kwana a rana, aka tsiyaya mata maganin tari."

Kullum da safe haka muryoyin nan biyu suke tashi daga kicin, su ratsa labule, su sami Inna a gadonta. Ta Yaya mai kauri, da ɗan tarin nan nasa na direban babbar mota kafin kowace magana. Ta Auta siririya, kamar cokali a gindin tukunya. Ɗaya ta sauka, ɗaya ta ɗauka, ba sa taɓa karo.

Abin gardamar bai wuce lemon ƙarin kuzarin da Yaya ya saba sha kafin ya hau hanya ba. Zaƙi a baki, ɗaci a maƙogwaro, sannan ya bugi ƙirji kamar mai gidan haya ya zo ƙwanƙwasa ƙofa.

Ciwon suga ya cinye idanun Inna. Zuciyarta kuwa, likita ya ce a lallaɓa ta kamar ƙwai, kada a kawo mata labari mai nauyi. Ba ta haɗiyar magani sai ta ji an fasa gwangwani, tsss, ta ji tarin ɗanta. Sannan ta ce, "Ku dai ba za ku girma ba," ta buɗe baki.

Yaya ba ya shiga ɗakin. Kullum sauri, kullum kaya duk baƙin mai, daga bakin labule ake sallama. Takalmansa na nan a ƙofa, gizo-gizo ya yi gida a na hagu. Auta ta tsani lemon nan, amma wata huɗu ke nan harshenta rawaya ne, hannunta na karkarwa a kan keken ɗinki, har mai shagon ya fara yi mata kallon kora.

Yau an fasa gwangwani, an yi tari, ɗaki shiru. Ƙwayar maganin na kan faranti.

Gardama ta ƙara zafi. Aka tono tsohuwar budurwar Yaya, aka tono shinkafar da Auta ta ƙona tun tana firamare. Inna ba ta taɓa maganin ba. Muryoyin suka fara dushewa, duka biyun, lokaci guda.

"Na ce miki abarba ce!" muryar Yaya ta daka tsawa.

Gado ya yi ƙara.

"Auta," in ji Inna. "Mangwaro yake cewa. Kin musanya."

Sannan ta ci gaba.

"Makauniya ce ni, ba kurma ba, maƙwabta kuma ba sa rufe taga. Barci ya kwashe yayanki a sitiyari, ya taka mutum, na ji tun ranar. Ku da kuke cinye maganar juna tun kuna rarrafe, yaushe kuka koyi jira? Na yi shiru ne don ina son jin sa. Shekara nawa alƙali ya ba shi?"

Bakwai ne. Likita kuwa ko shekara ɗaya bai ba Inna ba.

Auta na tsaye a kicin ita kaɗai, kamar kowace safiya ta wata huɗun nan, gwangwani a hannunta. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta yi ɗan tarin nan, ta saukar da murya can ƙasan ƙirji.

"Mangwaro ne, Inna. Suɓul da baka na yi."