Jakar da ke Gindin Guga

Shekarun da na yi a Ikko, garinmu bai tsaya jirana ba. An sare kukar bakin kasuwa, an kafa ƙarfen sabis a gurbinta. Filin da muke buga ƙwallo ya zama gidan mai. Abokaina duk sun ajiye tumbi da 'ya'ya. Ruwa kuma yanzu a burtsatse mai sola ake ɗiba, shi ya sa Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya haƙa rabin rijiyoyin yankin nan, ya koma zaman tabarma a zaure. Ni kuwa zaman ya ƙi ni, ban daɗe da sauka ba ƙafata ta fara ƙaiƙayi.

Wata la'asar ya ce da ni, "Kai Na-Ikko, wai wane irin aiki ne wannan da ake yi a zaune, kuma a tashi ana cewa an gaji?"

Na ce masa manhaja nake rubutawa, wadda ke lura da sanyin firjin ajiye jini a wasu asibitoci. Harshen kwamfutar da muke aiki da shi ba ya ihu idan abu ya lalace, ba ya kuma tsayar da aiki. Duk aiken da ka yi masa, abu biyu zai dawo maka da su: amsa, da wani ɗan gurbi a gefenta. In lafiya, gurbin fayau. In da matsala, nan zai ajiye ta ya yi gum. Kai ne za ka leƙa, a kowane aike, ka sanar da na gaba. Na ce leƙe-leƙen nan sun cinye rabin rubutun, har jiya abokin aikina Sagir ya bugo waya yana son share wasu tunda ba su taɓa kama komai ba, na ce ya yi yadda ya gani.

Kawu ya gyara zama ya ba ni wannan misali.

Ya ce an yi wani mahaƙi da ya kama rijiya a ƙasa mai nisan ruwa. Ya yi ta nutsawa har bakin rijiyar ya koma masa kamar faifai, har ta kai ko ya ƙwala kira, na sama ba ya jin komai sai gunji, irin na iska a cikin tulu. Igiyar gugan da ake fitar da ƙasa siririya ce, ba ta ɗaukar mutum. Mai kaurin da ake zura shi da ita tana sama a naɗe, sai ya nema. Don haka ya ɗaura wata 'yar jakar fata a gindin gugan, ya ce da majanyinsa, mai ja masa guga a sama: duk gugan da ya hau, kwance jakar nan ka duba. In ba komai, lafiya nake. In ka ga tsakuwa, ajiye komai ka jefo babbar igiya. Majanyin ya riƙe amana. Ya ja, ya kwance, ba komai, ya ɗaure, ya miƙa wa mai zubar da ƙasa. Haka safe, haka yamma, jaka fayau. Da tafiya ta yi nisa sai ya daina kwancewa, ya koma matsa ta da yatsu. Daga baya ya koma kallonta kawai. Daga nan ya bar wa mai zubarwa, ai ita ma a hannunsa take wucewa. Shi kuwa mai zubarwa a zatonsa an riga an duba.

Ranar da abin zai faru, mahaƙin ya fasa wani dutse, wata muguwar iska ta bulbulo daga ƙarƙashi, ba wari, ba launi. Kansa ya sara, ƙirjinsa ya yi nauyi. Gugan na cike, ya jefa tsakuwa a jaka, ya sake shi ya hau, ya ɗaga kai yana jiran babbar igiya. Sai ga gugan ya dawo shi kaɗai yana lilo. Ya lalubi jakar, ɗaurin da ya yi yana nan, tsakuwarsa na ciki. Ya ƙara wata, ya tura gugan wayam ko za su gane. Majanyi ya ji ba nauyi, ya yi dariya ya ce yau maigida lalaci yake ji, ya mayar. Haka gugan ya yi ta hawa yana sauka, na ƙasa yana aikawa, na sama suna hirar cinikin awaki. Can sai igiya ta daina motsi. Da suka gaji da jira suka jawo, majanyi ya ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a gindin gugan. Ya kwance jakar, tsakuwa ta zubo masa a kan ƙafa, cike da tafin hannu.

Nan Kawu ya dire labarin. Na tambaye shi ko an fito da mutumin da rai. Ya ce, "An dai fito da shi."

Na tuna jibi za a tura sabuwar manhajar zuwa asibitoci, a zuciyata na ga firji ya mutu allo yana cewa lafiya lau, na ga ana ɗaura wa mai haihuwa jinin. Na kira Sagir, wayarsa a kashe. Na sake kira, haka. Na shiga ɗaki na fara cusa kaya a jaka, tsarabar da aka haɗa mini ko kallonta ban yi ba, ina lissafin ko zan samu motar ƙarshe a tasha.

Da na fito ina ɗaura takalmi, Kawu bai ce in zauna ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Na-Ikko. Da ma Hausawa sun tambayi ido, wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani kullum."