An Ɓoye Suna

Ranar Laraba, ana yayyafi, saurayin ya tarar da shagon kawunsa a Ƙofar Kuyambana a garƙame.

Shi ya kawo malamar jami'a mai binciken rikicin daji. Shi ya lallashi tsohon ya tona masu kai wa 'yan bindiga makamai a ƙauyen da ya baro.

"Kawu, wallahi ba za a faɗi sunanka ba."

"Ɗan nan, baki shi ke yanka wuya."

Malama ta cika alkawari. A rediyo cewa kawai ta yi, "wani bahago mai ɗinkin hula a Zariya."

Ai tun a ƙauye Bahago ake kiransa.

Jiya aka ɗauke shi. A lissafin masu bincike, mutum ɗaya aka rasa. Shi kuwa kawunsa ɗaya ne tak.