Takarda ta Huɗu a Kwalin Takalmi

Ran Alhamis da hantsi, gida ba kowa sai tsohuwarsa a ɗakinta, Mai Aski ya sa reza ya ɓare bakin kwalin.

Shi a ganinsa ba shi da laifi. Malamar 'yan aji huɗu ce ta jawo, da ta aiko da takardar ayyukan kwantar da hankali. Wai iyali su zauna su ja numfashi su ƙirga biyar. Wai su zana fuskokin juna. Wai a huda kwalin takalmi, kowa ya rubuta abin da ke damunsa ba suna ya jefa, ran Asabar a buɗe tare. A gidansa fa! Mutumin da manyan unguwa ke sunkuyar wa da kai kullum, a ce akwai damuwar da ba ta biyo ta gabansa ba? Shi dai bai jefa komai ba. So yake kawai ya ga ko an kai ƙararsa.

An kuwa kai. Ta farko rubutun matarsa ne: "Baƙin da wani ke shafa wa gemu yana ɓata mini matashin kai." Ya yi tsaki. Sharri ne. Ta biyu ta Auta ce, ɗan aji biyu, karen maƙwabta yake tsoro. Ta uku ta Yaya, babbar 'yarsa 'yar aji huɗu, ƙawarta ta daina kula ta.

Ta huɗu an ninke ta har sau shida. An danna fensir kamar za a huda takardar, baƙaƙen sun karkace, kowanne da inda ya dosa.

"Akwai abu mai tauri a wuyana. Yana girma. Ina tsoron in faɗa."

Ya zauna a bakin gado. Rubutun matarsa ya san shi ko a mafarki. Tsohuwa kuwa ko a asibiti da babban yatsa take dangwalawa. Cikin yaran nan biyu ke nan wani ya rubuta sau biyu. Wanne?

Tambaya ba ta taso ba. In mai takardar ya gane an leƙa, bakin da ya fara buɗewa zai sake rufewa gam. Ya liƙe kwalin.

Da yamma ya ɗora Auta a kujera, kan da aka aske kwana huɗu da suka wuce. Ya bi bayan kunne da yatsa, ya bi ƙarƙashin haɓa, ya gangara.

"Baba, aski ne ko cakulkuli?"

Ba komai a wuyan.

Yaya kuwa tana dawowa daga makaranta ta shige ɗakin kakarta ta turo ƙofa, kamar kullum, wai aikin numfashi suke yi. Da ta fito ya ce ƙwaro ne a wuyanta, ya shafa. Bai ji komai ba, amma yarinyar ta ƙi haɗa ido da shi. Wajen cin abinci ya zuba wa maƙogwaronsu ido, duk loma sai ya raka ta har ƙasa. Tsohuwa, naɗe da mayafi har haɓa, ta ture kwanonta ta ce, "Kai, bar yara su ci abinci mana."

Ya binciki littattafansu shafi-shafi. Rubutun bai yi kama da na kowa ba. Da hannun hagu aka yi ke nan, don a ɓatar da sawu.

Washegari ya rufe shago, abin da bai yi ba shekara goma sha ɗaya. Ya ce wa matarsa gwajin ido za a yi wa yara. A asibiti nas ta duba wuyansu, ta latsa, ta haska baki da tocila.

"Lafiyarsu ƙalau, Malam. Kai ne dai nake ga kana gumi."

A hanyar gida ya bar Auta ya yi gaba, ya tsayar da Yaya a gindin wata katanga. Ya faɗa mata abin da takardar ta ce.

"Ke ce?"

Ta girgiza kai.

"Auta ne?"

Ta sake girgizawa.

"Amma kin san mai ita."

"Na yi alkawari, Baba. Kai ma ai ka yi alkawarin ba za ka buɗe ba."

Sai lissafin ya zo masa. Ƙawar nan da ta daina kula ta! Ita ta ba ta takardar ta jefa. 'Yar wasu ce, ba tasa ba. Ya ji wani sanyi a ƙirji, nan take kuma ya ji kunyar sanyin.

Ran Asabar bayan karin kumallo kowa ya zauna a falo. Ya buɗe kwalin kamar bai taɓa ganin cikinsa ba. Aka karanta ta gemu, Auta ya faɗi ƙasa don dariya. Aka yi maganar kare, aka yi ta ƙawa. Sannan ya warware ta huɗun, ya karanta a hankali.

Matarsa ta fizgo Auta tana laluben wuyansa.

"Ba su ba ne," in ji Mai Aski, da muryar wanda ya gama gano komai. "Yaya, tashi ki kai ni gidan ƙawar nan taki. Yau iyayenta za su sani."

Yaya ba ta tashi ba. Hawaye na zuba, idonta yana can ɗaya gefen falon.

"Wata uku ina koya mata rubutu a ɓoye, Baba. Wannan ne na farko da ta rubuta ita kaɗai."

A kujerar kusa da taga, matar da ta haife shi ta ɗaga hannu ta fara warware mayafin daga wuyanta.