Hutun Inna Haulatu

Sabiru ya shigo ɗakin likita da mahaifiyarsa, Inna Haulatu, tana jingine a kafaɗarsa. Da safe jiri ya kayar da ita a tsakar gida.

Likita ta gwada ta, ta yi jim. "Jini ya hau sosai, ga suga. Wane aiki take yi a gida?"

"Ko tsinke ba ta ɗagawa," in ji Sabiru. "Ta sha wahala a kanmu a Sandamu, ga gona, ga daka. Da Allah ya buɗa mini, na dawo da ita Daura, na ɗauko mata mai aiki. Ko gidan suna a mota nake kai ta. Bara matata ta fara jan ta yawo da yamma, na hana."

Likita ta dube shi. "Malam, zaman nan ne ya kwantar da ita. Magani matarka ta fara mata, ka tsayar."

Sabiru ya kasa ɗago kai. Inna ta lalubi hannunsa ta riƙe.

"Kar ki yi masa faɗa, 'yar nan. Kullum ina son fita. Na ga yana jin daɗin hutar da ni ne, shi ya sa na zauna."