Minti Ɗaya Kacal

"Kai ne ka karkato mana da jiragen nan, kada ka wani sunkuyar da kai."

Jami'in da aka turo jin koken unguwa ya ɗago daga takardunsa. Tsohuwa ce tsaye a bakin rumfar mai unguwa, da kayan takaba a jikinta.

"Iya, a yi haƙuri. Ƙarar ba ta wuce minti ɗaya."

Wata biyar ke nan jiragen Dutse suna bi ta saman rufinta. Kajinta sun daina ƙwai, katanga ta tsage, duk ba ta tako nan ba. Ta gaji da kai ƙara tun tana da haƙora.

"Ranar Talata Malam yana gargara, ina laƙƙana masa kalmar shahada. Ya buɗe baki ke nan, jirginku ya taho. Leɓɓansa kawai na ga suna motsi. Kafin ƙarar ta lafa, ya cika."

Ta matso kusa da jami'in.

"Duk mai zuwa gaisuwa sai ya tambaye ni, in rasa ta cewa. To ba inda za ka sai ka gaya min. Ya faɗa, ko bai faɗa ba?"